Ƙaramar Kwangila, Babbar Amana

Akwai wata tambaya da takan taso a duk inda aka tara kuɗi domin gina makaranta, ko a ofishin gwamnati, ko a zauren mai unguwa, ko a taron dattawan ikkilisiya. Tambayar ita ce: wa za a ba aikin, kuma ta wace hanya? Waɗansu sukan ce a yi shela, kowane magini ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe a gaban jama'a, wanda ya cancanta ya ɗauka. Waɗansu kuwa sukan ce, "Haba! Aji biyu kawai da ofishin hedimasta, har sai an buga a jarida? A kira wane, ai an san aikinsa." Kowane ɓangare yana da hujjarsa, doka ma ta ba kowannensu wuri, gama ta wajabta takara a manyan ayyuka, ta yi sassauci a ƙanana. Abin da ya rage a bincika shi ne ko wannan sassauci adalci ne. In kuwa adalci ne, wane nauyi yake sauke wa mutum, wane nauyi kuma ba ya iya saukewa?

Asalin dokar takara

Sa'ad da mulkin farar hula ya dawo a shekarar 1999, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta gayyaci Bankin Duniya ya duba yadda ake ba da kwangila a Nijeriya. Abin da aka yi ta maimaitawa daga wannan bincike shi ne, a cikin kowace naira da gwamnati ta kashe, kwabo 60 yana salwanta ta hanyar maguɗi. Daga nan aka kafa ofishin bin ƙa'ida a fadar shugaban ƙasa a 2001, wanda Obiageli Ezekwesili ta fara shugabanta. A watan Yuni na 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a Dokar Ba da Kwangila, wadda ta haifi hukumar BPP. Jihohi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, Jihar Filato ma tana da tata dokar da tata hukumar.

Dokar tarayya ta ce hanyar da aka sani ta ba da aiki ita ce takara a fili. A tallata aikin a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba masu nema makonni su shirya takardunsu, a karɓa a rufe, a buɗe a bainar jama'a a gaban 'yan kallo masu zaman kansu, sa'an nan a ba wanda farashinsa ya fi sauƙi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa.

A ƙarƙashin waɗannan matakai akwai dalilai uku na ɗabi'a. Na fari, kuɗin na mutanen da ba sa cikin ɗakin ne. Mai sayar da tumatir a kasuwar Farin Gada da manomin dankali a Bokkos suna da haƙƙi a kansa, amma ba wanda zai kira su ranar rabo. Takara a fili ita ce idonsu. Na biyu, kowane mai sana'a da ya iya aikinsa yana da haƙƙin a ji shi, ko da ba shi da kowa a sama. Dalili na uku ba a cika ambatarsa ba, shi ne cewa dokar garkuwa ce ga shi kansa mai ba da aikin. A ƙasar da surukin mutum, da ɗan ƙauyensu, da wanda suke sujada tare za su iya sallama a gidansa da dare, babbar jinƙai ce ma'aikaci ya sami abin da zai nuna ya ce, "Ka yi haƙuri, ba a hannuna yake ba, doka ce." Wanda aka ɗauke masa wannan garkuwa an bar shi shi kaɗai a gaban dukan danginsa.

Dalilin sassauci

Duk da haka, wanda ya ce a bi wannan doguwar hanya a kowane aiki bai taɓa ganin makarantar da iska ta kwashe rufinta ba. A tudun Jos ruwa yakan fara a watan Afrilu, farkonsa kuwa da hadiri da iska mai ƙarfi yake zuwa. In kwanon aji ya tashi a farkon damina, aka tsaya jiran talla da makonnin nazari, kafin a gama ruwa ya jiƙa bango, kujeru sun ruɓe, gyaran da zai ci kaɗan ya koma sabon gini. Haka kuma a ƙauyukan Mangu da Bokkos, inda hare-haren 2023 suka raba dubban mutane da gidajensu, har makarantu suka zama mafakar masu gudun hijira. A irin wannan hali jinkiri ma zalunci ne.

Akwai kuma tsadar takarar kanta. Talla a jarida kuɗi ne, zaman kwamiti kuɗi ne. Mai neman aikin gwamnati sai ya nuna rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara 3, da takardun fansho, da na Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda hedkwatarsa take nan Jos. Birkilan kirki da ya shekara 20 yana gini a Bukuru ko Miango, wanda bangonsa bai taɓa tsagewa ba, sau da yawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai jakar takardu kuwa, wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba, yana da su duka. Idan doka ba ta yi rangwame ba, sai ta kori mai sana'a ta rungumi dillali.

Saboda haka dokar ta buɗe ƙofofi. Idan aiki bai kai wani adadi ba, ya isa a nemi farashi daga mutum 3 waɗanda ba su da dangantaka da juna. A wasu lokuta ana iya gayyatar zaɓaɓɓun 'yan kwangila kawai. A lokacin bala'i ko gaggawa ana iya ba mutum ɗaya kai tsaye. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake duba ma'aunin saboda faɗuwar darajar naira, ta ce aikin ginin da bai kai naira miliyan 50 ba yana iya bin hanyar neman farashi. Hukumar UBEC ma, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta daɗe tana da tsarin taimakon kai da kai, inda ake ba al'umma kuɗi su yi ƙaramin aiki da kansu, su ma su kawo nasu kason na kuɗi, ko yashi, ko ƙarfin hannu.

Wannan sassauci hikima ne. Dokar da ba ta san bambancin gadar sama da ɗakin bayan gida na firamare ba, makauniya ce. Mai hankali ba ya ɗaukar gatari domin yanke farce.

Inda bango ya tsage

Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Doka tana auna aiki da naira, gine-ginen makarantun firamare kuwa kusan dukansu ƙanana ne: aji 2 a nan, aji 3 a can, katanga, rijiya, kujeru. Idan aka tara su a ƙananan hukumomi 17 na Jihar Filato sun zama dukiya mai yawa, amma kowannensu shi kaɗai yana iya wucewa ta ƙarƙashin ma'auni. Ta haka abin da aka yi domin togiya yake iya zama hanyar yau da kullum, takara kuma ta koma baƙuwa.

Dabarun da ake bi sanannu ne. Akwai datsa aiki: gini ɗaya a raba shi gida uku, harsashi kwangila, bango kwangila, rufi kwangila, domin kada ko ɗaya ya kai adadin da zai jawo talla. Akwai farashin mutum 3 da hannu ɗaya ya rubuta, da sunan kamfanin miji, da na mata, da na ƙane. Akwai kuma gaggawar da aka ƙirƙira, inda za a zauna a kan takarda wata 8, sa'an nan a ce lokaci ya ƙure, babu halin talla. Dokar 2007 ta san da waɗannan. Ta lissafta datsa kwangila domin kauce wa ma'auni, da haɗa baki tsakanin masu nema, a cikin laifofin da hukuncinsu ɗauri ne na shekaru, ba tare da zaɓin biyan tara ba.

Abin lura a nan shi ne yadda zuciya take ruɗin kanta. Mutumin da ba zai taɓa sa hannu a asusun makaranta ya ɗauki naira dubu ba, yana iya datsa kwangila ya kwana lafiya, domin a kan takarda kowane yanki yana bisa ƙa'ida. Ya cika harafin doka, ya kashe nufinta. An ba shi sassauci domin yara su shiga aji da wuri, shi kuwa ya mai da shi hanyar da ɗan'uwansa zai shiga banki da wuri. Wannan cin amana ne, ko da babu alƙalin da zai kama shi.

Takara ma ba ta isa ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa idan an yi takara magana ta ƙare. Araha ba ta ado. Wanda ya karya farashi domin ya ci takara, a jikin ginin zai nemi ribarsa. Buhun simintin da ya kamata ya ba da bulo 30 da 'yan kai, sai a matsa masa ya haifi 50. Rodi mai kauri ya koma siriri, ramin harsashi ya tsaya a gwiwa, kankare ya sha yashi har ya ƙoshi. Wani kuma yakan ci takara ya sayar da takardar ga na biyu, na biyu ya sayar wa na uku, kowa ya yagi rabonsa, wanda zai yi aikin da hannunsa ya tarar da ƙashi babu nama. Fenti yana rufe dukan wannan ranar buɗe gini. Damina ta uku ce takan tona asiri.

Ashe takara tana amsa tambaya ɗaya ce kawai, wato wa zai yi aikin, kuma a kan nawa. Ba ta amsa ta biyu, wadda ta fi nauyi: ginin zai tsaya?

Darasin Busa Buji

Mutanen Jos ba sa bukatar a ba su labarin nauyin wannan tambaya. Da safiyar Jumma'a, 12 ga Yuli 2024, benen makarantar Saint Academy da ke unguwar Busa Buji a Jos ta Arewa ya rufta a kan ɗalibai suna cikin aji, a lokacin jarrabawa. Mutum 22 suka rasu, akasarinsu yara, fiye da 130 suka ji rauni. Rahoton farko na Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya ya nuna shakka a kan ingancin kankaren, ya ce ɗaurin rodin bene bai isa ba, harsashin ginshiƙai kuma bai kai girman da ake bukata ba.

Makarantar mai zaman kanta ce, saboda haka dokar takarar kwangila ba ta shafe ta ba tun daga farko. Wannan shi ne babban darasin. Dokar takara an yi ta ne domin tsaron kuɗin gwamnati, inda babu kuɗin gwamnati kuwa ba ta da bakin magana. Makarantun 'yan kasuwa, da na ƙungiyoyi, da na masallatai, da na ikkilisiyoyi, dukansu suna zaune cikin sassauci mafi faɗi, gama ba wanda yake tambayarsu yadda suka zaɓi magini. Abin da ya rage a kansu shi ne izinin gini daga hukumar raya birni, wadda a Jos ita ce JMDB, da kuma lamirin masu makarantar.

Ba a Nijeriya kaɗai haka take faruwa ba. A watan Nuwamba na 2008, wata makaranta ta wani mai wa'azi ta rushe a gefen babban birnin ƙasar Haiti, ta kashe mutum fiye da 90, yawancinsu yara. Hukumomi suka ce mai makarantar ya shaida musu shi ya gina ta da kansa, ba tare da injiniya ba. Mai yiwuwa nufinsa alheri ne. Amma siminti ba ya sanin niyya, nauyi kawai ya sani.

Mutanen dā sun fahimci wannan. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila, kusan shekara 1,750 kafin haihuwar Almasihu, sun yanke hukuncin kisa ga maginin da gidan da ya gina ya faɗi ya kashe mai gida. Shari'ar Musa ta umarci mai sabon gida ya ja ƙaramar katanga a kewayen soronsa, domin kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau kansa. A cikin dokokin nan biyu ba a tambayi nawa aka kashe a ginin ba. Ran da yake ƙarƙashin rufin aka duba. Aji ɗaya da bai kai ma'aunin talla ba yana ɗauke da yara 50 ko fiye, kwana 5 a mako, shekara da shekaru. Ga mai lissafin kuɗi ƙaramin aiki ne, amma uwar da ta raka ɗanta ƙofar makaranta ba ta san wani gini da ya fi shi girma ba.

Akwatin Yehoyada

Masu son a bar kome ga yarda sukan kafa hujja da wani labari a Littafin Sarakuna na Biyu, sura 12, inda aka ce ba a nemi lissafi daga hannun masu lura da gyaran Haikali a zamanin sarki Yowash ba, saboda su amintattu ne. Lalle wannan sassauci ne, yana kuma rubuce. Amma ya kamata a karanta labarin daga farkonsa. Da fari sarki ya bar kuɗin gyara a hannun firistoci bisa ga yarda kawai, har shekara ta 23 ta mulkinsa ba a gyara kome ba. Sai aka sake tsari. Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye shi a fili kusa da bagade. In kuɗi ya taru, mutum biyu daga ɓangarori dabam, magatakardan sarki da babban firist, su suke ƙirgawa tare su ɗaure. Bayan haka ne ake miƙa wa masu lura, su biya kafintoci da magina, aikin kuma yana gaban idon duk mai shiga sujada.

Wato yardar da aka yi wa mutanen nan tana da shinge ta gaba da ta baya. An san abin da ya shiga hannunsu, ana ganin abin da ya fito. An ɗauke musu wahalar rubutu, amma ba a ɗauke ido daga kansu ba. Wannan shi ne ma'aunin kowane sassauci na gaskiya: duk inda aka janye idon takara, dole a sa wani ido a madadinsa.

Wannan ya shafi ikkilisiya kai tsaye. Tun daga makarantar Gindiri da mishan ta kafa a 1934, ikkilisiyoyin tudun Jos suna cikin manyan masu gina makarantu a wannan yanki, da baikon talakawa da gudummawar zumuntar mata. A kwamitin gini kuwa, jarabar da ta fi kowace ƙarfi ita ce kunya. Yaya za a nemi farashin wani alhali ga dattijo mai kamfani a zaune? Yaya za a ce a gwada bulon da ɗan'uwa ya kawo kyauta? Sai kowa ya yi shiru, a kira shirun zumunci. Manzo Bulus bai ga haka ba. Sa'ad da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi waɗanda za su raka kuɗin, domin kada a sami abin zargi ko a gaban mutane. In manzo bai ji an raina shi da aka sa masa shaidu ba, babu dattijon da ya kamata ya ji haka. Mai gaskiya ma shi ya fi kowa amfana da shaida, domin ita take wanke shi ranar da tsegumi ya tashi.

Abin da sassauci ba ya saukewa

Daga dukan wannan ana iya fitar da waɗansu ƙa'idodi da kowace hukumar makaranta, ta gwamnati ko mai zaman kanta, za ta iya ɗaura wa kanta ba tare da jiran doka ba.

A auna aiki gaba ɗayansa kafin a ce ƙarami ne. Abin da zai tsaya a kan harsashi ɗaya aiki ɗaya ne, ko da za a yi shi a shekara 3.

A nemi farashi 3 na gaskiya daga mutanen da ba su haɗa aljihu ba, a buɗe su a gaban kwamiti. Wannan ba ya cin ko kwabo, mako ɗaya ya isa. Duk ɗan kwamitin da yake da dangantaka da mai nema ya faɗa da bakinsa, ya fita waje har a gama.

In gaggawa ta sa aka ba mutum ɗaya kai tsaye, a rubuta dalili da farashi a ranar, a karanta wa iyaye a taro na gaba. Gaggawar da take tsoron a karanta ta a fili, akwai lauje cikin naɗi.

A manna kuɗin aikin, da sunan mai yinsa, da ranar gamawa a ƙofar makaranta. Kwamitocin kula da makarantu da aka kafa a unguwanni, waɗanda suka haɗa iyaye da malamai da masu unguwa, suna da idon da babu sufeton da yake da shi, domin kullum suna wurin. Ko wanda bai yi boko ba yana iya ƙirga buhun siminti.

A ƙarshe, akwai abin da ba shi da sassauci ko kaɗan. Zanen gini daga hannun ƙwararre mai rajista, da izinin hukuma, da zuwan injiniya ya duba harsashi da rodi kafin a zuba kankare, waɗannan ba a auna su da girman kwangila. Musamman idan za a ɗora bene a kan ginin da ba a yi harsashinsa domin bene ba, wanda shi ne abin da makarantu da yawa suke yi in ɗalibai sun ƙaru. In kuɗin injiniya ya gagara, kuɗin bene ma bai samu ba ke nan. Gara yara su yi wata shekara a ƙarƙashin rumfa da a sa su ƙarƙashin abin da ba a gwada ba.

Doka ta yi daidai da ta sauƙaƙa hanyar ƙananan ayyuka, bai kamata a toshe wannan ƙofa ba, gama ta nan ne maginin ƙauye yake samun aiki, rufin da ya tashi kuma yake komawa kafin ruwa ya yi ɓarna. Amma wanda ya bi ta wannan ƙofa ya sani cewa nauyin da takarda take ɗauka ya dawo wuyansa. Sa'ad da akwai talla da kwamiti da 'yan kallo, alhakin yana rabuwa a kan mutane da yawa. Sa'ad da aka ce masa, "Je ka yi, ƙaramin aiki ne," shi da lamirinsa aka bari, tare da yaran da za su zauna a ƙarƙashin abin da ya sa hannu a kai. Saboda haka, kafin shugaban kwamiti, ko sakataren ilimi, ko mai makaranta ya sa hannu a takardar ƙaramar kwangila, bari ya tambayi kansa ko zai yarda ɗansa na cikinsa ya zauna a wannan aji ranar da ake ruwa da iska. In amsar ta tsaya masa a maƙogwaro, to, ya ajiye alƙalami tukuna.